Inuwar Lambun Unguwa

Tun da aka daina ba ɗan Adam lasisin tasi, Barau bai sake riƙe sitiyari ba, motoci marasa direba suka karɓe garin. Ranar da kansiloli suka zo sauraron jama'a, ya nufi lambun unguwa, inda aka ce za a zauna.

Ya tarar an kewaye lambun da waya. Mutane suna tsaye a waje, rana tana dukansu, motocin marasa direba kuma suna ciki, jere shiru a gindin darbejiya.

"Ranka ya daɗe," in ji Barau ga Kansila Haladu, "kun ba ƙarfe sana'armu, mun haƙura. Lambun fa?"

"Ai kare shi muka yi, Baba," Kansila ya amsa daga cikin motarsa. "Ba mai sake karya reshe. Motocin kuwa, zafi yana lalata su."

"Mu ba ya lalata mu?" in ji Iya Kande, maƙwabciyar Barau.

Kansila ya ce za a duba, gilashi ya rufe.

Taro bai gama watsewa ba Iya Kande ta yanke jiki ta faɗi. Barau ya yi ta dukan ƙofar lambun yana roƙon a shigar da ita inuwa. Can ƙofar ta buɗe, wata mota ta fito, ta ce cikin ladabi, "Don Allah a ba ni hanya."

Barau ya janye tsohuwar gefe, ya tuɓe rigarsa, ya yi mata rumfa da ita.