Ragon Maulidi

Da ya ga wansa ya sauko daga motar garin Barmu janye da rago, jikinsa ya yi sanyi. Da gangan ya sa ɗaurin auren ɗiyarsa ranar Maulidi, bikin da yake kira bidi'a, don kada tsohon nan wansa, waliyyin amarya, ya zo. Shekara talatin wan nasa bai taɓa fashin jan karatun Maulidi ba.

"Yaya, karatun fa?"

"Maulidi na dawowa baɗi, auren ɗiyata fa? Ungo, a yanka ma baƙinka."

Ragon da wan ya turke don Maulidi ne. Abokan ƙanen da suka zaɓar masa ranar suka ci har da santi. Shi kuwa ko tsoka ɗaya ya kasa ci.