Hancin Unguwa

Da ƙarfe huɗu na yamma iska ke juyowa daga juji, ƙarfe huɗu da minti biyar kuma Ciyaman ke fitowa ƙofar gida da littafi da biro. Sai ya ƙare wa masu zaman benci a wurin mai faci kallo, ya ga yadda suka yatsine fuska, sannan ya zaro hankici ya toshe hanci ya rubuta: "Wari mai tsanani. Takwas cikin goma."

Littafinsa na shida ke nan.

Tsohon akawu ne. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a takardun da ba mai karantawa, ranar da ya yi ritaya ko masinja bai lura ba. Juji ne ya mai da shi mutum. Shi ya kafa ƙungiyar mazauna unguwa, shi ya zaɓi kansa shugaba, shi 'yan rediyo ke nema duk lokacin da maganar shara ta taso. Ya iya siffanta wari yadda mai cin abinci zai ajiye cokali. Da aka laƙaba masa Hancin Unguwa, har tsayawa yake a sake faɗa. Turare kuwa wanka yake yi da shi, mai faci yakan ce bai san wanda ya fi hawa kai ba tsakanin jujin da Ciyaman.

Ana nan sai hukuma ta manna sanarwa. Wani kamfani zai gina masana'antar sarrafa shara, rufaffiya, a bayan jujin. Za a riƙa mayar da sharar taki, cikin shekara biyu a kwashe tsibin gaba ɗaya.

Wata nas da ke gidan ƙarshe, wadda katangarta ke jingine da jujin, ta karanta har da hawayen murna. 'Yarta mai shekara biyar asma ke gare ta, tagoginsu kuwa sun yi shekara uku ba a buɗe ba.

Ciyaman ma ya karanta, sau biyu. Washegari ya kira taron gaggawa.

Kamfanin ya ce zai ba da bas a kai mutum ashirin wani gari su ga irin masana'antar da idonsu. Ciyaman ya yi dariya.

"Su share wurin, su fesa turare, su ba ku lemo mai sanyi ku dawo kuna tafi? Ni zan je, ni kaɗai, ba sanarwa."

Ya kuwa je. Ya dawo da hotuna goma sha biyu, a kowanne yana tsaye a bakin shinge da hankici a fuska, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ranar taro ajin makarantar firamare ya cika har tagogi. Ciyaman ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya bari aka yi tsit.

"Jama'a, na je, na shaƙa. Wallahi jujinmu lambu ne a kan abin da na ji. Wari ne mai maiƙo, mai kama maƙogwaro, irin na mushen da ya kwana uku a rana. Har yanzu yana cikin rigata."

Na gaba-gaba suka ja da baya, wai su ma sun jiyo. Wata tsohuwa ta tofar da yawu.

Nas ta ɗaga hannu daga baya.

"Baba Ciyaman, ƙanwata tana koyarwa a makarantar da ke kallon masana'antar nan. Ta ce ko a bakin ƙofa ba a jin komai. Me zai hana mu je mu ashirin ɗin?"

"'Yata," in ji shi, yana murmushin tausayi, "wanda ya wuni cikin warin asibiti, ina ya ga hancin da zai yi mana alƙalanci? Ko kamfanin ne ya aiko ki?"

Aka bushe da dariya. Mutanen da ta yi wa 'ya'yansu allura kyauta su ne suka fi ɗaga murya. Ta zauna.

Mutum ɗari huɗu da sittin suka sa hannu a takardar ƙin masana'antar, ciki har da waɗanda ba su tambayi abin da aka rubuta ba. Aka yi zanga-zanga da kwalaye, Ciyaman a gaba, 'yan rediyo a gefensa. Hukuma, wadda dama neman dalilin zama take yi, ta ce ta ji koken talakawa. Aka kai masana'antar wata unguwa.

Jujin ya ci gaba da tsawo. Kafin damina ta ƙare an kwantar da 'yar nas sau biyu, a na uku uwar ta kira motar kaya ta bar unguwar. Ba wanda ya taya ta ɗaukar ko kujera. A makon ne aka sake zaɓen Ciyaman ba hamayya.

Ranar Asabar da hantsi matarsa ta dawo daga kasuwa. Tun daga bakin get ta saki jakar cefane ta zura da gudu. Gas ya cika gidan, har idonta na yaji. Ta tarar da shi tsaye a kicin, butar shayi a kan murhu, yana laluben ashana cikin kwali, yana 'yar waƙarsa.

Ta fizge kwalin, ta murɗe kan tukunyar gas, ta bankaɗe tagogi tana tari.

"Malam, so kake ka tashi gidan da mu?"

"Me kuma ya faru?" Ya dube ta da mamaki na gaskiya.

Ta tsaya tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Ba sabon abu ba ne a wurinta. Shekara tara ke nan tun da ya faɗi a babur ya bugu a ka, kuma ita da likita kaɗai suka san cewa daga ranar hancinsa bai sake jin ƙanshi ko warin komai ba.