Hitar Gidan Mouat

Karo na uku ke nan Osla Leask, mai gyaran wutar lantarki, ta durƙusa gaban hitar gidan Mouat, ta kwance murfinta ta jingina shi da bango.

Irin hitar nan ce mai tubali a ciki, wadda ke shan wuta da dare lokacin da lantarki ke da araha, ta wuni tana sakin ɗumi. Ma'aunin zafinta, ɗan ƙarfen da ke yanke wuta idan tubalin ya ƙoshi, sabo ne fil, Osla ce ta sa shi da hannunta. Ta gwada shi, lafiya lau. Amma maɓallin kariya ya sake faɗuwa, shi kuwa ba ya faɗuwa sai zafi ya rasa hanyar fita.

"Inna Baabie, don Allah ki gaya mini gaskiya," in ji Osla. "Kina shanya kaya a kanta?"

Matar gidan ta dafa ƙirji. "Ni? Tun da aka kafa ta, ko hankici ban taɓa ɗora mata ba."

Osla ta dubi falon. Ulu a kwando, ulu a kan kujera, ulu har cikin tsohon gwangwanin biskit. Duk tsibiran Shetland an san suwaitar Baabie Mouat, masu saye daga nesa sukan yi watanni suna jiran layi ya zo kansu. Suwaita kuwa in an gama saƙa ta sai an wanke, kuma a hunturun tsibirin Yell babu ranar da za ta busar da ita.

Mijin Baabie, Lowrie, tsohon masunci ne. Yana zaune bakin taga yana kallon teku, leɓensa na motsi.

"A zamaninmu maza ke gyaran wuta," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Kuma hular nan taki inji ya yi ta. Dubi bakinta, ba za ta ga bazara ba."

"Sannu da aiki, Baba Lowrie. Tekun tana nan inda ka bar ta jiya?"

Baabie ta tuntsire da dariya, ta miƙa mata shayi da burodi mai ɗumi. Osla ta mayar da maɓallin, ta ɗaure murfi. A jikin ragar saman hitar, inda ɗumi ke fita, ta tsinci silin ulu ja, ta sa a aljihu.

A ofishinsu da ke garin Lerwick, oganta Mista Tulloch bai ga abin dariya ba. Mutanen Yell sun fara cewa a turo musu namiji. Ya ce in aka sake kira daga gidan nan, zai karɓi makullin mota, ta koma sito tana jera kwalaye. Ta nuna masa silin ulun. Ya ce a gidan masaƙiya ko cikin miya ana samun ulu.

Sai sa'a ta faɗo mata. 'Yar Baabie ta haihu a Aberdeen, Baabie ta tafi zaman jego. Osla ta koma wurin oga da fara'a, ta ce ya zuba ido: muddin mai saƙa ba ta gida, hitar ba za ta yi ko tari ba.

Ba a rufa mako ba Baabie ta bugo waya ofis daga Aberdeen. Ta ce mijinta na kwana da kwat, hita ta sake mutuwa.

Mista Tulloch ya miƙo hannu a ba shi makulli. Osla ta roƙi zuwa ɗaya tak. Aka gaya wa Lowrie ya saurare ta da rana, amma zama ya gagare ta, ta bi jirgin fito na farko da sassafe. A hanya ta riƙa tuna kowace waya da ta haɗa, tana neman inda ta yi kuskure. Wataƙila dai tsohon yana da gaskiya.

Ba a kulle ƙofa a Yell. Ta tura ta shiga. Falon sanyi ƙalau, hitar tana nan fayau, babu komai a kanta. Osla ta ajiye akwatin kayan aiki.

Sai ta ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga kicin, da sauri, ba tsayawa.

Ta leƙa. A kan ƙaramar hitar kicin an shimfiɗa suwaita jiƙaƙƙiya, ja da toka-toka, ta rufe ragar ruf, tururi na tashi. Babbar kujera ta ba ƙofa baya, zaren ulu na fitowa daga kwando yana hawa cikinta.

"Inna Baabie!" Osla ta tafa hannu. "Ashe kin dawo! To yau na kama ki, ko hankici ko?"

Ƙarar ta tsaya.

"Rufe ƙofar nan, 'yar nan, kina shigo mini da iska." Muryar Lowrie ce. "Ogan naki ni zan kira shi da kaina, in ce safata na ɗora. Motarki tana nan. Ke kuma ki kama bakinki, kada kowa ya ji a Yell."

Osla ta zagayo gaban kujerar. Tabarau a kan hancinsa, hannun riga rabi a cinyarsa, alluran saƙa sun sake tashi tsakanin manyan yatsunsa ba tare da ya dube su ba.

"Baabie tana Aberdeen," ya ce. "Ko tana nan ma, shekara arba'in muna tare, matar nan ko zare ba ta iya sa wa allura ba."