Ɗigon da Babu a Taswira

Da fim ɗin ya kai kan taswirar, ajin da aka tara matan gari ya yi tsit. Matashiyar da ta zana ta a kwamfuta tana tsaye kusa da majigi. Taswirar garin Gubuchi ce da ƙauyukansa, kowane jan ɗigo kuwa mace ce da ta rasu wajen haihuwa. Gida-gida ta bi tana tambaya, don haka ta tabbata ba ta tsallake kowa ba.

Wata tsohuwa ta taso daga bencin baya, ta tako har gaban farin ƙyallen da ake haskawa.

"'Yar nan, dakatar da shi. Nan ce unguwarmu?"

"Nan ce, Inna. Ai na zo gidanku, kika ce ba ki rasa kowa ba."

"Cewa kika yi in faɗi suna."

Wata mata ta matso ta raɗa wa matashiyar: "'Yar farinta ce ta rasu bara wajen haihuwa. Ko tana raye kunya ba ta bari ta kira sunanta ba."

Matashiyar ta dubi tsohuwar. "Ki yafe ni, Inna. Ina komawa ofis zan gyara."

Tsohuwar ta juya ga ƙyallen. Ta lalubi wani fili kusa da rafi a jikin taswirar, ta ɗora yatsanta. Lallen bakin yatsan ya yi jawur cikin hasken, daidai girman sauran ɗigon.

"To, ci gaba," in ji ta. Ba ta ɗauke hannunta ba.