Bangon da Ƙanƙara Ta Riƙe

Ka ce ka gwada aikinka, ka ga ya yi ƙarfi, ko ba haka ba? To gyara zama ka ji. An yi wani magini, ɗan gado ne tun kaka da kakanni, wanda fari ya kore shi daga garinsu shi da matarsa. Suka yi ta nausawa arewa har suka ƙetare hamada, suka faɗa wata ƙasa ta duwatsu inda sanyi ke daskarar da ruwa a cikin tulu. Matar tana da tsohon ciki, shi kuwa ba abin da ke hana shi sakat irin a ce ɗansa na fari a ɗakin aro za a haife shi. Magini guda, jikan magina! Abin kunya ne da ba zai iya haɗiyewa ba. Da ya ga ruwan sama ya ɗauke, an gama girbi, sai ya ce lokaci ya yi, don a garinsu da kaka ta wuce ake kwaɓa ƙasa. Ya haƙo jar ƙasa, ya zuba mata yankakkiyar ciyawa, ya tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo, ya shiga mulmula tubali. Mutanen wurin suna wucewa suna kallonsa, don su a lokacin zafi suke gini, in sanyi ya kawo kai sai su rufe ƙasar gininsu su jira baɗi. Wani dattijo maƙwabcinsa ya tsaya ya nuna masa kan dutse inda dusar ƙanƙara ta fara sauka, ya nuna tubalin, ya girgiza kai. Magini ya yi masa godiya cikin ladabi, amma a ransa cewa ya yi, wa zai koya wa ɗan kada iyo?

Shi farkon sanyin ƙasar nan ba shi da alƙibla. Yau rana ta buɗe har mutum ya tuɓe mayafi yana gumi, gobe dusar ƙanƙara ta rufe hanya fari fat, jibi ta narke gari ya koma caɓi, kafin wayewar gari caɓin ya sandare ya zama kamar dutse. A haka ya ɗora tubali, ya yi yaɓe, ya jera azara, ya rufe da ƙasa. Da rana ba ya gida, yana can yana ɗaukar duwatsu a aikin wasu don abin sawa a baka. Saboda haka da sassafe yake duba bangonsa, yadda ubansa ya koya masa: a ƙwanƙwasa da bayan yatsa, a danna da babban yatsa. Busasshen bango yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa shiru yake yi ya lotsa. Kullum ya ƙwanƙwasa sai ya ji ƙwas, ya danna ya ji ko gezau. Daɗi ya kama shi, har yana gaya wa matarsa bai taɓa ganin ƙasa mai saurin bushewa irin wannan ba. Bawan Allah, bai san ruwan yana nan a cikin bangon ba, ko ɗigo bai fita ba. Daskarewa ya yi, shi ne ya riƙe ginin a tsaye.

Matar ta sauka lafiya, aka sami namiji. Ya shigar da su sabon ɗaki yana murna har da hawaye. Kuma ka san mai jego a wajenmu, ba a barinta da sanyi. Ya gina mata gadon ƙasa mai murhu a ƙarƙashi kamar yadda ake yi a gida, ya cika shi da garwashi, ya kafa tukunyar ruwan wanka a cikin ɗakin, tunda waje ba ya fituwa. Ya toshe ƙofa da tabarma da bargo. Ɗaki ya ɗauki zafi da tururi, mai jego ta ji daɗin jikinta, jariri ya yi ta barci. Sai kuma ga wata rana mai ɗumi ta fito daga waje. Wuta ta ciki, rana ta waje, ƙanƙarar da ke cikin bango ta saki. Ranar bai fita aiki ba, yana zaune wajen la'asar yana ƙara itace, sai ya ga bango yana tsattsafo da ruwa. Ya kai yatsa ya danna, yatsan ya shige har gindi kamar cikin tuwo. Ya yunƙura zai tashi. Kafin ya miƙe, azarar da ke saitin gadon ta fara sunkuyowa, ƙasa na zubowa. Ya yi wuf ya tare ta da kafaɗa da hannun dama, ya ce wa matar, "Ɗauki yaron ki fita, kada ki waiwayo." Ta fita. Shi kuwa rufin ya sauko a kansa.

Maƙwabta suka tono shi da rai, uwa da ɗa ko ƙwarzane babu, wannan kam sai godiya ga Allah. Amma hannun daman ya tafi ke nan, ya shanye, bai sake mulmula tubali ko ɗaya ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni abin da ke ba ni tausayi, mutumin nan bai yi ha'inci ba, bai yi lalaci ba, gwajin da ya gada ya yi, bangon kuma ya amsa masa da irin ƙarar da ya sani. Sai dai daskararre daban, busasshe daban. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.