Labulena a Wuyan Jarumi

"In ka sake kauce wa sanda kamar mai rawa, na sallame ka," in ji daraktan shirin. Jikana ake yi wa faɗa, ni kuwa abinci na kai masa wurin ɗaukar fim.

Sai idona ya kai kan mayafin jarumtar da ya ɗaura a wuya. Ashe labulen ɗakina ne da nake ta cigiya.

Ban san lokacin da na fizge sandar abokin karawarsa ba. "Zo nan, ja'iri." Yaro ya sunkuya, ya daka tsalle, ya mirgina ƙarƙashin tebur yana, "Kaka, tsaya ki ji."

Darakta ya ce masa, "Yawwa, aikinka ya tsira." Sannan ya juyo wajena. "Mama, gobe ƙarfe nawa za ki iya zuwa?"