Allura a Kan Rabi

Martins ya zura kara cikin tankin a-kori-kurar, ya zaro. Bakin karan kawai ya jiƙe. Ya leƙa gaban direba. Allurar mai tana kan rabi.

Motar ta yayansa ce, Azariya. Gonar cittar da ubansu ya bari a bayan Zonkwa ma a hannun Azariya take. Martins shi ne mai noma, mai lodi, mai wanke mota.

Tun da Meshak, bakanike a Kafanchan, ya canza famfon mai, allurar ta daina faɗin gaskiya. Ga ranar kasuwar Kachia ta matso. Azariya ne zai kai citta da kansa, kuma shi bai san kara ba, allura kawai yake kallo. A hanyar akwai wata kwana bayan gada. Daji ne hagu da dama, waya ba ta kamawa. Masu satar mutane sun san ta. Direbobi ba sa rage gudu a wurin, balle su tsaya.

Meshak ya kira. "Oga Martins, kawo shi in sake dubawa mana. Na gwada wannan gejin mai kafin ya bar gareji na."

"Hannunka ya isa haka," in ji Martins. Ya kashe waya.

Da kansa ya buɗe tankin. Ya ciro fulota, 'yar robar nan mai iyo a kan mai tana juya allura. Ya sa filaya ya lanƙwasa ƙarfenta kaɗan. Ya zuƙe tankin da tiyo, ya auna mai da galan, ya zuba. Sannan ya loda buhunan citta.

Damaris, matar Azariya, ta fito da tsintsiya a hannu. "Baban Stella, gwaji ma sai da kaya?"

"Mota da kaya ta fi shan mai."

Ya hau hanyar Kachia da jarka a baya. Motar ta mutu masa a gaban shingen sojoji. Ya girgiza kai, ya zuba na jarka, ya dawo. Washegari ya sake aunawa, ya sake lanƙwasawa. Ta mutu kusa da masu sayar da doya a bakin titi. Ya yi tsaki. Fetur ya cinye masa fatar hannu, bai yi ƙorafi ba.

Azariya na zaune a inuwar mangwaro yana dariya. "Dubi injiniya! Wanda ko fartanya bai iya gyarawa ba."

"Za ta gyaru, Yaya."

Jajibirin kasuwa ya dawo da wuri, zufa ta jiƙe rigarsa. Ya miƙa makulli. "Ta yi."

Da safe shi ya zuba mai, shi ya ɗaure kaya. Ya sauke jarkar don buhu ɗaya ya samu wuri. Azariya ya leƙa allura, tana sama da rabi. Damaris ta yi addu'a cikin sunan Yesu, Martins ya ce amin. Motar ta fita.

Da rana wani direban bas ya kawo labari. Ya ga a-kori-kurar a kwanar bayan gada, ƙofa a buɗe, takalmi ɗaya a kan kwalta. Da aka jawo ta gida aka murza makulli, allura ta hau rabi. Aka zura kara. Ya fito a bushe.

Samari suka tafi Kafanchan. Suka rushe rumfar Meshak, suka karya masa yatsun hannun dama. Yana ihu yana cewa ya gwada, ya rantse ya gwada. Ba wanda ya saurare shi.

Azariya bai dawo ba. Mafarauta suka tsinci gawarsa bayan an kwashe citta daga gonaki.

A wajen jana'iza Damaris ta riƙe hannun Martins, ta ɗaga shi gaban fasto da dattawa, ta nuna musu fatar da fetur ya ƙone.

"Ku duba. Shi kaɗai ya sha wahala kan motar nan. Gonar ma ya riƙe, ni ba zan iya ba."

Martins ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa, ya sha wahala. Motar ta yi ta mutuwa inda akwai sojoji, inda akwai mutane. Sai jajibirin kasuwa ta mutu masa daidai kwanar da ya yi wa masu satar mutanen dajin alkawarin za ta tsaya.